Maƙogwaron Wuta

Wendell ya shigo shagona da bututu a kafaɗa,
yana lilo da shi kamar wanda ya kashe maciji a gona.
Ya ce, "Orest, duba. Dala talatin da takwas.
Lanƙwasa shi yadda ka so, ba awo, ba walda."
Na karɓa, na lanƙwasa, ya bi hannuna ba gardama.
Abin da ya ba ni tsoro ke nan.

Shekara tara yana haɗa jirgin nan
a rumfar da babansa ke ajiye motar girbin alkama,
a tsakiyar Saskatchewan, inda ido ke tafiya har ya gaji.
Injin, daga wata tsohuwar mota ya ciro shi,
wadda ta yi karo da barewa a hanyar Yorkton.
Inji ne mai juyi, ba fistin, ba bawul,
alwatika biyu ke walagigi a cikinsa,
kowane juyi sai su tofo wuta kai tsaye.
Ba ƙofa tsakaninta da bututu, balle sallama.

Na ce, "Wannan na motar kai yara makaranta ne,
can ƙarƙashi, inda hayaƙi ya huce kafin ya iso.
Naka ba hayaƙi yake fitarwa ba, guduma ce,
bugu ɗari biyu a daƙiƙa guda,
da zafin da ke mai da ƙarfe jan gauta.
Araha ba ta ado, Wendell."

Ya ce inji rawa yake a kan robarsa,
salansa kuwa a ɗaure take, ba ta motsi,
in ba mai sassauci a tsakaninsu, wa zai raba faɗan?
Gaskiyarsa.
Mai taurin ma na sha ganin ya tsage.

Muka yi sulhu: ban da sama tukuna.
Muka ɗaure wutsiyar jirgin a jikin tarakta,
dusar ƙanƙara har gwiwa,
Marlys, matarsa, a cikin mota da agogo da littafi
tana rubuta mintoci da safar hannu.

Asabar ta farko, lafiya lau.
Ta biyu, bututun ya yi shuɗi, ya yi ruwan toka.
Wendell ya dube ni, ya ɗaga gira.
Ta uku, awa shida da minti goma sha ɗaya a littafi,
Marlys ta buɗe ƙofa ta fito a guje.
Mu ba mu ji komai ba, mun toshe kunnuwa.
Ita ta ji muryar ta sauya,
kamar mai magana da haƙori ya fita.

Ya kashe inji. Muka buɗe murfi.
Saƙar wayar ta warware kamar bakin tsohuwar tabarma,
tsaga ta bi ƙugiya ta huɗu, ta kusa zagaye ta,
harshen wuta ya lashi bango ya bar baƙin tabo
yatsa uku daga tiyon mai.
Na auna. Yatsuna ne. Uku.

Ba wanda ya ce uffan.
Farfela na huci, ƙarfe na ƙas-ƙas yana sanyi.

Sati biyar na yi ina yi masa wani,
da ƙarfe mai kauri wanda ya saba da wuta,
guntu cikin guntu, kamar hannu a hannun riga,
sifirin uku na riƙe kowace gaɓa:
ya motsa inda aka ba shi izini, sauran ya tsaya.
Ya fi nauyi. Wendell ya ɗora shi a sikeli ya yi tsaki.
Kuɗinsa kuwa, Marlys ce ta biya, ba ta tambaya ba.

Tsohon yana rataye a bangon shagona,
kusa da kalanda, har yau a lanƙwashe
yadda hannuna ya bar shi.

Ranar da ya tashi, cikin Yuni,
kowa ya ɗaga kai yana kāre rana da tafi.
Ni ƙasa na duba, na rufe ido.
Aikina ba a ganinsa daga nan.
Na bi shi da kunne har bayan rumbunan Kostiuk,
har ya juyo,
muryar nan ɗaya, ba ta sauya ba.