Bugu na Shida

A Riga, hawa na huɗu, saman gidan burodi,
Ilze ta tuɓe takalmi ɗaya.
Ta ce da safa ƙafa ta fi jin feda.

Ƙaramin akwati ne kore, fentin ya goge.
Ta murɗa maɓalli, ta taɓa tsirkiyar jita,
sautin ya tafi ya dawo,
ya sake dawowa a rame,
kamar mai sallama daga ƙetaren kogi.

Da can yayanta Valdis ke riƙe mata gindin kiɗa.
Yau shekara uku yana walda a Norway.
Sai ta taka feda, ta kaɗa bugu takwas,
ta sake takawa.
Akwatin ya haɗiye, ya maido, ya maido,
ba ya gajiya, ba ya duba agogo.

Aibinsa ɗaya, ba ya yafiya.
A bugu na shida yatsanta ya zame,
kowane zagaye kuskuren na nan,
ya naɗe ƙafa kamar baƙon da ya ƙi tafiya.
Taku biyu da sauri, da ya goge.
Ta ɗaga ƙafa. Ta fasa.

Valdis ma a nan yake zamewa,
ya yi dariya, ya ɗora wa sanyi laifi.

Ta aza kiɗa bisa kiɗa
har ɗakin ya cika da ita, ita huɗu,
ƙanƙara na taruwa a taga.

Ƙarfe uku aka hura tanda a ƙasa,
ƙamshi ya hau bene.
Ta miƙa hannu ga soket,
ta jira na shida ya wuce tukuna.