Littafin Uwar Adashi

Ni ce uwar adashi a layin bayan gota, Nima.
Shekara goma sha tara ina riƙe da littafin nan,
bangonsa ya sha manja, ya sha gumi.
Da can, in mutum ya kwashi kuɗinsa,
nakan rubuta a gefe: keken ɗinki,
ko firiza, ko kuɗin makarantar Lantana.
Yanzu kalma guda nake rubutawa,
har biro ya haddace ta: ruwa.

Inusa ya kwasa, ruwa.
Awudu mai gyaran waya, ruwa.
'Ya'yan Baba Sidi biyu a wata ɗaya,
hannuna ya ƙi maimaitawa, sai na ja layi a ƙarƙashi.

Daren Talata rediyon mai shayi ya ce
wata gwamnati can ƙetare ta yi sabuwar doka:
duk mai neman mafaka da ya iso a kwalekwale
ba zai taka ƙasarsu ba.
Za a juya shi, ko a ajiye shi a wani tsibiri
har a gama duba takardarsa.
Ministansu ya ce don ceton rai ne,
don a karya kasuwar masu safarar mutane.
Muryarsa sumul, ta wanda bai taɓa haɗiyar ruwan gishiri ba.

Na ce alhamdu lillahi. Wallahi na faɗa.
Na ce littafina zai koma ga keken ɗinki.

Kafin Juma'a mai hanya ya zo,
wanda ke ɗora hawa na uku a Mamobi.
Ya zauna a bencina, aka sayo masa koko, bai sha ba.
Ya ce, Hajiya, tunda sun toshe gajeriyar
doguwar za mu bi, cikin dare, ba fitila,
doguwa kuwa mai take sha.
Ya ƙara sidi dubu takwas a kan kowane kai.
Dokar da aka yi don ta karya shi
ita ta shimfiɗa masa tayil a falo.

Mutaru ɗan ƙanwata yana tsibirin, wata goma sha huɗu.
Ya ce sun tambaye shi, wa ke korarka?
Ya yi shiru, don takardar ba ta da gurbin
da za a rubuta bashi,
ko shago ya ƙone, ko uwata ta tsufa.
Na gadon kusa da shi daga ƙasar da ake yaƙi ya fito,
ya kwaye wando ya nuna tabon harsashi a cinya,
shi ma aka ce ya jira.
Da lamba ake kiransu.
Mutaru ɗari huɗu da bakwai ne a can.
A littafina shi ne na tara,
mai zubi a kan kari, bai taɓa sa na aika ba.

Ranar Lahadi na hau torotoro zuwa Jemstaun
in ga abin da ke cinye mini shafuka.
Masuntan Akra na jan igiya,
jiragensu da fenti, kowanne da addu'a a haƙarƙari.
Na tambayi wani tsoho, mutum nawa yake ɗauka?
Ya ce sha biyu, in teku ya yi barci.
Na ce ɗari fa?
Ya dube ni, ya furzar da asuwaki,
ya koma kan komarsa.

Yau da safe Rakiya mai wake da shinkafa ta zo.
Kwasarta ce wannan watan.
Ta ƙi haɗa ido da ni, tana murza bakin mayafi,
ɗanta na tsaye a ƙofa da sabon takalmi.
Kuɗinta ne, ba ni da hurumin riƙewa.
Na ƙirga mata, na sake ƙirgawa don in ja lokaci.
Na buɗe shafi, na ɗaga biro.
Ta ce, Hajiya, rubuta firiza.

Na rubuta firiza.