Bakin Zare

A Bursa, a tsohon masauƙin fatake da ake kira Koza Han,
shagonmu ne na huɗu in ka hau bene ka bi dama.
Nan na tashi ina ninke gyale,
ina rubuta kalma guda a bayan littafin bashi
duk ranar da baƙo ya kawo ta da sabon baki.

Balarabe ya shafa ya ce harir,
daga can maƙoshi, kamar mai hura garwashi.
Matar Farisa ta ce abrisham.
Ɗan Indiya ya gutsure wa kalmar kai, ya ce resham,
sannan ya nemi in gutsure masa kuɗin ma.
Mutumin Rasha ya ce sholk,
gajere, kamar an rufe akwati.
Wata 'yar Sin kuwa si kawai ta ce,
ta ja shi siriri tsakanin haƙora
har na zaci zaren ne ke fitowa.

Mu ipek muke cewa.
Na tambayi kakata Nezihe asalinsa.
Ta ce, "Ip ai zare ne. Igiya.
Me kuma kake tono?"

Shekara talatin da bakwai ta yi gaban tukunya
tana zuba gidajen tsutsa a tafasasshen ruwa,
tana kaɗa su da 'yar tsintsiya
har bakin zare ya kama.
Ruwan ya cinye zanen yatsunta.
Ba a barin ta taɓa kayan shago,
kaushin hannunta kan fizgi saƙa.

Malam Rifki, mai shan shayi a gindin benenmu,
ya ce mutanen Rum na dā
sun sa wa masu shi suna Seres ba su taɓa ganinsu ba,
suna zaton a jikin ganye ake taje shi
kamar furfurar bishiya.
Wai daga nan sunan ya bi ayari ya yi arewa,
sanyi ya lanƙwasa masa harshe a hanya,
ra ta koma la,
ya isa bakin teku ya shiga jirgi.
Shi kansa malamin da "wai" ya rufe zancen.

Ya ce na Faransawa kuma, suwa,
daga kalmar gashin dabba mai tsini ya fito.
Da na kai wa kakata wannan
ta yi dariya har da tari,
ta ɗaga hannuwanta biyu ta juya su:
"To, su dai sun san ni."

Bana dusar ƙanƙara ta sauko dutsen Uludag da wuri.
Kalmomi sun fara zame mata ɗaya-ɗaya.
Cokali ya tafi. Laraba ta tafi.
Ni ma tana kirana da sunan wanta
da aka binne tun ba a haifi ubana ba.

Na zauna bakin gadonta da littafin bashi,
na karanto mata duka ashirin da shidan,
harir, seta, metaksi, har ƙasa.
Bango take kallo.

Sai na tuna da guda ɗaya a aljihuna,
fari, busasshe, bai kai ƙwan tattabara ba.
Na sa mata a tafi.
Ta kai shi kunne ta girgiza,
abin da ke ciki ya yi ƙwas-ƙwas.
Ta ce, "Ka ji ta?
Ganye ta ci, ta tofa, ta rufe ƙofa.
Duk sunayen nan naka,
wa ya tambaye ta nata?"

Ban amsa ba.
Barci ya ɗauke ta fitila na ci.
Yatsunta dai ba su kwanta ba,
suna ta bin gefen bargo a hankali,
suna lalube.