Wuyan Arzika

Na zo Aliero da littafi da biro,
na ce yau ba wata, ba taurari,
ba zan kwatanta kowa da fure ba.
Abin da ido ya gani shi zan sa,
ko da wari, ko da ƙuda a kai.

Kasuwar albasa ta cika tun hantsi.
Tireloli uku sun juya wa rumfuna baya.
Alhaji Tunau na bisa darduma,
waya biyu a cinya, carbi a dama,
yana faɗa wa wani farashi a Fatakwal
bai taɓa buhu ko ɗaya ba.
Na rubuta: hannunsa ba ya warin albasa.
Na rubuta: inuwa ma tana da mai ita.

Sai ga Arzika.
Wanda ya raɗa masa sunan fata ya yi.
Buhun ya fi shi faɗi, ya hau katako da shi,
katako na lanƙwasa, gwiwa na rawa,
jijiyar wuya ta miƙe kamar igiyar guga.
Ɗari biyu kowane hawa.
Na ƙirga sha tara kafin azahar,
na ƙirga kaushin dugadugansa,
na auna kantar bayan wuyansa da ido,
ta kai ƙwan agwagwa.

Mai shayi ya ce ubansa Nomau ma haka,
nan ya yi dako har baya ya ƙi miƙewa,
kakan kuwa jakin wani yake kora.
Sai biro ya kama gudu a hannuna:
jini ne, na ce, da ƙasa, da yunwa,
gado ne, yadda ɗan tsako ke gadon tono.
Ƙarƙashin buhu aka haife shi,
ƙarƙashin buhu za a tsince shi.
Na ja layi, na ji daɗin kaina,
na sa aka ƙaro mini madara.

Da la'asar ya zo shan ruwa gefen benci.
Ya ce, "Malam, mi kaka rubutawa tun ɗazu,
kana kallona awa likita?"
Na karanta masa, ban rage komai ba.
Ya saurara, ruwa na bin gemunsa.

"Kanta gaskiya ta," in ji shi,
"ɗari biyu gaskiya ta.
Amma wanga layi na ƙarshe,
da ido kag gan shi, ko ko zaune kay yanke?
Ka ƙirga buhu, ba ka bi kuɗin ba.
Ɗiyata Kubura na jami'a can bayan gari,
lissahi takai, ta hi ka iya ƙirga.
Ina da kunya shidda na tawa albasa a fadama,
ba ka tambaya ba.
Kuma akwai mutum guda da ka mance:
mai farar riga, cikin inuwar Alhaji,
shi ma tun sahe bai taɓa buhu ba."

Ya aje kofin. Ɗan kamasho na kira.

Na sunsuna tafin hannuna,
ƙamshin sabulu.

Ban goge kantar ba, tana nan,
ban goge dardumar ba, ita ma tana nan.
Ban san ko Kubura za ta gama ba,
an ce kuɗin makaranta ya tashi bana,
kuma ruɓa ta shiga rumbunan rudu.
Layin ƙarshe kaɗai na soke,
har biro ya huda takarda.

Ta hudar nake hango shi yanzu,
ƙarami, yana hawa katako,
buhu na talatin da ɗaya,
yana faɗa wa na bayansa wata magana
da ta sa su duka dariya,
wadda daga nan inda nake zaune
ba na iya ji.