Ƙayar Kifi

Takardar neman aiki ta ce: shekarun gogewa.
Gurbin bai fi faɗin farce ba.
Na riƙe biro har ya yi gumi,
na rubuta sifiri,
na rufe bakinsa da kyau, kada abin da ke ciki ya zube.

Ina zan cusa shekara tara a kasuwar kifi ta Iloilo,
tun kafin zakara ya yi tari,
ƙafa cikin ruwan ƙanƙara, matsefata a hannu,
ina zare ƙayar bangus ɗaya bayan ɗaya
ba tare da na yaga tsokar ba?
Ina zan cusa mahaifina, Tatay Gorio,
da na yi damina uku ina juya shi a kan tabarma
don kada bayansa ya ruɓe?
Takarda ba ta da aljihu.

Karatun jinya da guntu-guntu na yi shi,
kamar mai gina ɗaki da bulo ɗaya a wata.
Jarrabawar farko ta kayar da ni.
Ta biyu, Remiel na ƙuna da zazzaɓi a cinyata,
ina bitar sunayen ƙasusuwa
ina taɓa su a jikinsa.

Asibiti huɗu suka ce sai mai gogewa.
A wace rumfa ake sayar da ita, in je in taya?
Na biyar ya ce: wata uku na gwaji,
aikin dare, babu albashi.
Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.
Na ari farar riga wurin Luzviminda, maƙwabciyata,
na ɗame ƙugun da fil biyu.
Na koya wa Tisay, mai shekara goma sha ɗaya,
awon ruwan shinkafa da gaɓar yatsa,
da cewa kada ta buɗe wa kowa ƙofa.
Kowa, na ce. Ko da muryata ya zo.

Dare na talatin da takwas, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya,
aka shigo da wani yaro mai tuƙa babur mai ƙafa uku.
Ya faɗa ta tagar wani kanti,
damtsensa ya sha gilashi.
Likita na ɗakin tiyata.
Sista Perpetua, awa goma sha shida a tsaye,
ta ce, "Ke sabuwa, riƙe fitila."
Na riƙe.
Na ga ƙarfen na rawa a hannunta.

Ban san lokacin da bakina ya riga ni ba:
"Sista, ba ni in gwada."

Yatsuna ba su nemi shawarata ba.
A lallaɓa, a ji inda ya kwanta,
a ja shi ta hanyar da ya shiga.
Yaron na kiran uwarsa, ina ce masa saura kaɗan,
ƙaryar da nake yi wa Remiel wajen shan magani.
Ƙal. Ƙal. Ƙal, a cikin kwanon silba.
Arba'in da ɗaya.

"A ina kika koya?"
"A kasuwa, Sista."
Ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma yi alkawari ba.
Ta dai tura mini rabin burodinta.

Da safe na iske shinkafa ta ƙone,
Tisay ta yi barci a kan littafin lissafi,
takardar kuɗin haya a maƙale a ƙofa.
Remiel ya shinshina tafina, ya yamutsa fuska:
"Nanay, ina ƙarnin kifin ya tafi?"

Yana nan, ɗana. Asabar zan koma in ɗebo.
Saura dare hamsin da biyu.
Sifirin nan yana kwance a durowar wani ofis,
ni kaɗai na san nauyinsa.