Jan Alƙalami a Punta Arenas

Ƙarfe uku na dare a Punta Arenas,
iska na dukan tagar asibitin soja
kamar mai bin bashi ya gano gida.
Ni kaɗai a ɗakin ƙasa, makulli a wuyana,
ina ƙirga kwalaben magani.

Sha bakwai na kashe zafi a akwatin ƙarfe.
Jiya sha tara ne. Biyun da suka fita
na san jijiyar da suka bi, na san wanda ya sa hannu.
Herminda ta sake ƙirgawa bayana,
don ido ɗaya ba ya shaida a wannan gini.

Kakina na ƙarƙashin farar riga,
Kyaftin Barría, taurari a kafaɗa,
amma ban taɓa saita bindiga kan mai rai ba.
Makamina jan alƙalami ne,
da taurin kai, da mizani.

Shekaranjiya jirgi mai saukar ungulu ya kawo shi,
Eliseo Mancilla, ɗan shekara sha tara,
ɗan masunta daga tsibirin Chiloé.
Ya zame kan ƙanƙara wajen atisaye,
dutse ya kwana kan ƙafarsa a gindin tsauni.

An wanke, an ɗinke, zazzaɓi ya ƙi sauka.
Kanar Oyarzo ya rubuta allura
mai kashe ƙwayar cuta ba sassauci,
cikakken awo, irin na ƙato lafiyayye.
Ni kuwa wata takardar nake kallo,
wadda ta fito daga ɗakin gwajin jini.

Ƙodar yaron ta gaji.
Jakar da ke rataye gefen gadonsa
ba ta tara cikin kofin shayi ba tsawon wuni.

Na yi lissafi sau uku, na so a ce ni na ɓata.
Kilo hamsin da takwas, har da filasta.
Na hau bene, bakina ya bushe,
kowane mataki na tuna mini
cewa ƙarami ba ya yi wa babba hani.

"Yallaɓai, a rage rabi, a tsawaita tazara."
Ya leƙo ni ta saman tabarau.
"Kyaftin, shekara talatin ina wannan aiki."
Na ce, "Haka ne. Sai dai ƙoda ba ta san Kanar ba,
ba ta sara wa kowa, adadi kawai take gani."

Herminda ta duƙufa gyaran bargon da ke a gyare.
Injin gefen gado na ta ƙara shi kaɗai.
Sai ya miƙo hannu ya zare alƙalamin daga aljihuna,
ya soke lambarsa, ya rubuta tawa,
ya tafi da shi ba izini.

Kwana tara ina bin yaron da lambobi,
a ɗebi jini, in duba, in ƙara, in rage.
Ran na biyar jakar nan ta cika fal,
na tsaya a bakin ƙofa ina dariya ni kaɗai.
Ban san akwai ranar da zan yi murna haka ba
don na ga fitsarin wani.

Uwarsa ta zo, kwana uku a hanya,
da buhun dankali da busasshen kifi,
ta riƙe hannun Kanar tana kuka.
Eliseo ya wuce ni a baranda, sanda biyu a hammata,
ya sara wa taurarina, ya tambaye ni ƙofar fita.
Na nuna masa. Bai san ni.

Ban ji haushi ba. To, na ɗan ji.
Aikinmu in ya yi kyau ba a ganinsa,
kamar gishirin da ya yi daidai a miya.

Da safe na tarar a kan teburina:
jan alƙalamin, an ciji murfinsa,
da dankali uku a cikin takarda,
ba suna, ba bayani.

Na sa su a aljihu, na buɗe akwatin ƙarfe.
Iska na nan tana dukan taga.
Herminda, zo mu ƙirga,
sha huɗu na samu, zo ki gani.