Mudu a Adaka

A Maigatari nake awon riɗi.
Mudu na kowa ne,
mai saye ya duba, mai sayarwa ya duba,
ba a biyan kuɗin kallo.

Barira 'yata, da wayarta mai tsagaggen gilashi,
tana koyon harshen umartar kwamfuta.
Jiya ta nemi kundin ƙa'idojinsa.
Aka ce akwai haƙƙin mallaka, sai da dala.
Muka lissafa a ƙasa da tsinke:
buhu biyu, har da ɗoriya.

Ban ƙi marubuci ya ci guminsa ba.
Amma wa ke kulle mudu a adaka,
ya dawo ya ce awonka bai cika ba?

Tsohon daftari ta samo kyauta.
Da shi take awo, tana ɗar-ɗar.